Wasan Aron Hali a Intanet Tsakanin Halasci da Shagala: Nazarin Fiƙihu Kan Matasan Palladan, Samaru da Sabon Gari

Tsakure

Maƙalar nan ta dubi wani nau'in wasa da ya samu gindin zama a wayoyin matasa, wanda ɗan wasa yake aron suna da hali da siffar wani tauraro na ƙirƙira, ya shiga duniyar ƙirƙira ta intanet tare da abokansa. Ta fara da bayyana surar wasan, sannan ta auna shi da ma'aunin da malaman fiƙihu suka auna nardu da shaɗaranji. Daga nan ta rarrabe shi gida uku: aron halin, kuɗin da ake kashewa, da kuma abota da lokaci. Abin da ta tsaya a kansa shi ne, hukunci ɗaya ba ya game waɗannan wasanni duka, kuma wurin da ya fi cancantar a sa ido shi ne alƙawarin da ɗan wasa yake ɗaukar wa abokan wasansa.

1.0 Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Yankin da ya tashi daga Sabon Gari ya bi ta Palladan ya dangana da Samaru yanki ne na ɗalibai. A Samaru Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962, a Palladan kuma akwai Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama da aka kafa a 1964. Ɗalibai da yawa suna zaune a gidajen haya na waɗannan unguwanni, nesa da idon iyaye, kowa da wayarsa a hannu. A da matashi sai ya je gidan gem ya biya kuɗi kafin ya yi wasa, maigidan kuma yana rufewa idan dare ya yi. Yanzu gidan gem ɗin ya koma aljihu, babu mai rufe shi sai ƙarewar data ko mutuwar batir.

Iyaye da limamai da malaman Islamiyya suna fuskantar tambaya a kan wannan al'amari, amsar kuma takan zo a dunƙule: ko a ce haramun ne baki ɗaya, ko a ce wasan yara ne da bai kai a tsaya a kansa ba. Amsoshin biyu suna da illa. Matashin da ya lura cewa mai ba shi fatawa bai san abin da yake magana a kai ba, yakan daina tambaya, ba a kan wasa kaɗai ba. Malaman usulu sun kafa ƙa'ida cewa yanke wa abu hukunci reshe ne na fahimtar surarsa, don haka daga surar za a fara.

2.0 Surar Wasan

Aron hali ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A tashen watan azumi yara sukan zama tsoho ko malami ko mai magani. A kalankuwar ƙauyukan ƙasar Zazzau samari sukan naɗa wa junansu sarautu bayan kaka, a yi sarki da alƙali da dogarai na 'yan kwanaki, sannan kowa ya koma gonarsa. Abin da ya bambanta wasan intanet da waɗannan shi ne, su suna da lokacin farawa da na tashi, kuma a gaban jama'ar gari ake yin su.

Asalin wasan na zamani daga Amurka ya fito. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons, wanda ake yi a kan tebur: kowa ya zaɓi tauraronsa, mutum ɗaya yana jan labari, ana jefa ƙwaya irin ta lido domin a san ko sara ya ci ko bai ci ba. A 1978 Roy Trubshaw ya fara ɗora irin wannan wasa a kan kwamfuta a Jami'ar Essex ta Ingila, yadda mutane da yawa za su shiga lokaci guda. Ultima Online ya biyo baya a 1997, RuneScape a 2001, sai World of Warcraft a 2004, wanda masu biyan kuɗinsa suka kai miliyan 12 a 2010. Genshin Impact, wanda ya fito a 2020, yana cikin waɗanda suka kawo wannan salo cikin wayar hannu.

Tsarinsu kusan ɗaya ne. Ɗan wasa yana ƙirƙirar tauraro, ya ba shi suna da jinsi da sana'a: mayaƙi, maharbi, mai warkarwa, ko matsafi. Tauraron yana farawa da rauni, yana ƙara ƙarfi gwargwadon ayyukan da ya kammala da makaman da ya tara. Akwai ayyukan da mutum ɗaya ba zai iya ba, sai an haɗa runduna, wani ya tare dukan abokin gaba, wani ya yi jinyar waɗanda aka raunata, sauran su kai hari. A World of Warcraft irin wannan hari yakan haɗa mutum 10 zuwa 25 ko fiye, ya ɗauki sa'o'i. Duniyar wasan tana zaune ne a manyan kwamfutocin kamfani, tana tafiya ko ɗan wasa yana nan ko ba ya nan, saboda haka ba a iya tsayar da ita a je a dawo.

Wasannin da suka fi yaɗuwa a hannun matasan Nijeriya, irin su Free Fire da PUBG Mobile da Call of Duty Mobile, asalinsu wasannin harbi ne. Sai dai sun ari mafi yawan wannan tsari: tauraro mai suna da tufafi, matakan girma, runduna, hira da murya, da kantin sayen kaya. Don haka abin da za a faɗa a nan ya shafe su.

3.0 Ma'aunin Magabata: Nardu da Shaɗaranji

Shari'a ba ta hana wasa don kasancewarsa wasa ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Habashawa sun yi wasa da masu a masallacin Annabi (SAW), Nana A'isha (RA) tana kallo yana kāre ta. Abu Dawuda ya ruwaito tseren da ya yi da ita, ya kuma ruwaito labarin 'yan tsanarta da dokinta mai fukafukai. A hadisin Hanzala da ke cikin Muslim an nuna cewa zuciya tana da lokacin himma da lokacin hutu. Asali a al'adu halasci ne har sai dalili ya zo da hani.

Hani ya zo ƙarara a kan nardu, wasan da ake tafiyar da shi da jefa ƙwaya. Imam Malik (ya rasu 179H) ya kawo hadisin Abu Musa al-Ash'ari a Muwaɗɗa wanda ya siffanta mai yin sa da saɓa wa Allah da Manzonsa, Muslim kuma ya kawo hadisin Buraida da ya kamanta shi da tsoma hannu cikin nama da jinin alade. Shaɗaranji kuwa, wanda babu ingantaccen nassi daga Annabi (SAW) a kansa, malamai sun saɓa. Malik ya ƙi shi, Ibn Abi Zaid (ya rasu 386H) ya haɗa shi da nardu wajen hani a ƙarshen Risala. Imam Shafi'i (ya rasu 204H) ya tsaya a karhanci, mabiyansa suka gindaya sharuɗɗa: kada a sa kuɗi, kada ya jinkirta salla, kada ya jawo alfasha.

Abubuwa biyu daga wannan gado suna da amfani a nan. Na farko, malaman Shafi'iyya sun fitar da ma'auni: wasan da ya dogara kan sa'a da cinke ana riskar da shi ga nardu, wanda ya dogara kan tunani da lissafi ana riskar da shi ga shaɗaranji. Wasan aron hali ya haɗa duka biyun, domin ƙwayar da ake jefawa a tebur ba ta ɓace ba, kwamfuta ce take jefa ta a ɓoye. Amma a fagen faɗa abin da ya rinjaya shi ne dabara da haɗin kai, sa'a tana biye ne. Wurin da sa'a ta zama ita ce komai shi ne kantin sayen kaya, kuma bayaninsa yana tafe.

Na biyu, a babin shaida na Mukhtasar, Shaihu Khalil ya sanya wasan nardu cikin abin da ke zubar da adalcin mai shaida, amma da ya zo kan shaɗaranji sai ya rataya abin ga dawwama a kansa. Imam Shaɗibi (ya rasu 790H) ya faɗaɗa wannan a Muwafaƙat, inda ya nuna cewa abu yakan zama halal idan aka dube shi sau ɗaya, ya zama abin ƙi idan ya zama ɗabi'ar yau da gobe, ya ba da misali da yawon shaƙatawa a lambu da wasa da tattabaru. Wannan ƙa'ida ita ce ta fi dacewa da wasan da aka gina shi domin kada ya ƙare.

4.0 Aron Hali: Ina Iyakarsa?

Malaman wannan zamani sun saɓa a kan wasan kwaikwayo. Shaihu Bakr Abu Zaid ya rubuta littafi yana hana shi, yana ganin ƙarya ce da kwaikwayon da ke zubar da mutunci. Wasu, cikinsu har da Shaihu Ibn Usaimin, sun halatta shi da sharuɗɗa. Masu halattawa suna kafa hujja da zuwan Mala'ika Jibrilu cikin siffar mutum yana tambaya domin ya koyar, suna kuma cewa ƙarya ita ce a sa mutum ya gaskata abin da ba haka yake ba, alhali mai kallon kwaikwayo ya san kwaikwayo ne. Palladan kanta tana da misali a kusa: ɗalibin tuƙin jirgi yana zama cikin na'urar kwaikwayo, ya tashi ya sauka, injinsa ya mutu ya gyara, ƙafarsa ba ta bar ƙasa ba. Babu mai kiran wannan ƙarya.

Bisa ra'ayin masu halattawa, wanda ya kira kansa maharbi a duniyar da kowa ya san ta ƙirƙira ce bai yi ƙarya ba. Hukunci yana sauyawa a wurare biyu.

Wuri na farko shi ne inda aron ya tsallaka daga tauraro zuwa mutum na gaske. Namijin da ya ɗauki tauraruwa mace, sannan ya bar abokin wasansa yana zaton da mace yake hira, har ya karɓi kyauta ko katin waya a kan haka, ya fita daga wasa ya shiga algus, wanda hadisin Muslim ya yi kashedi a kansa. Haka wanda ya ɓoye shekarunsa domin ya kusanci yara.

Wuri na biyu ya shafi aƙida. Yawancin waɗannan duniyoyi an gina su ne a kan tatsuniyoyin alloli da tsafi. A Genshin Impact akwai gumaka da tauraro yake zuwa wurinsu ya warke, ya kuma miƙa musu abin da ya tara domin ya ƙara ƙarfi. A watan Yuni na 2020 PUBG Mobile ya shigo da wani salo da ɗan wasa yake rusuna wa gunki domin ya samu lafiya, Musulmi suka yi ca, musamman a Kuwaiti da Saudiyya, kamfanin ya cire shi ya ba da haƙuri. Ayoyi na 65 da 66 na Suratut Tauba sun nuna cewa cewar wasa ake yi ba uzuri ba ne a abin da ya taɓa Allah da ayoyinsa da Manzonsa. Saboda haka Musulmi ba ya sa tauraronsa ya bauta wa gunki da zaɓinsa, wasan da kuma ba a ci gaba a cikinsa sai da haka barinsa ya wajaba. Tare da haka, kafirta yaron da ya danna maɓalli ba tare da ƙudurce komai ba wuce gona da iri ne. Hana aiki daban, yanke wa mai aikin hukuncin ridda daban, wannan na biyun yana da sharuɗɗa da abubuwan da ke hana shi. A wannan babi ne kuma ake duba tsiraicin taurari da kiɗan da ke tafe da wasan, waɗanda sau da yawa ana iya kashe su ko a kauce musu.

5.0 Kuɗi: Saye, Garari da Caca

Mafi yawan wasannin waya kyauta ake shiga, kamfani yana cin ribarsa ne daga kanti. Ɗan wasa yana sayen kuɗin cikin wasa da naira, kamar daimon a Free Fire ko UC a PUBG Mobile, sannan ya kashe su ta hanya biyu.

Hanya ta farko ita ce sayen abu sananne da farashi sananne, kamar riga ko doki. Jumhurun malamai suna ɗaukar amfani a matsayin dukiya, don haka ana iya ganin ingancin wannan idan amfanin halal ne. Abin da ya rage shi ne tambayar almubazzaranci. Ɗalibin da aka aiko wa kuɗin abinci ko na rajista daga gida, ya saya wa tauraronsa riga da su, ya ci amanar wanda ya aiko. Ya kamata kuma ya san cewa a ƙa'idojin kamfanonin, izinin amfani kawai ya saya, suna iya rufe asusunsa duk abin da ya tara ya tafi.

Hanya ta biyu ita ce akwatin sa'a. Mutum yana biyan kuɗi sananne domin a buɗe masa abin da bai sani ba, wataƙila mai daraja, galibi maras daraja. A Genshin Impact damar samun tauraro mafi daraja a buɗawa ɗaya ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, kamfanin yana lamunce shi ne a buɗawa ta 90. Daga sharuɗɗan ingancin ciniki a mazhabar Malikiyya akwai sanin abin da aka saya, kuma Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira hani a kan cinikin garari da cinikin jifa da tsakuwa, wanda mai saye yake samun duk abin da tsakuwarsa ta faɗa a kai. Kamannin a fili yake. Ko hukumomin da ba ruwansu da Shari'a sun gane haka, domin a 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatuna caca ce. Akwatin da aka samu kyauta ba tare da biyan komai ba bai shiga wannan hukunci ba.

Gasar da 'yan wasa suke tara kuɗin shiga wanda ya ci ya kwashe, ita ma caca ce, ko da gwaninta ce ta ba shi nasara, domin kowannensu yana tsakanin ci da asara. Wannan yana da muhimmanci a unguwannin da shagunan cacar ƙwallo suke a buɗe, domin yaron da ya saba da bugun zuciyar buɗe akwati ya riga ya koyi darasin farko na caca.

6.0 Abokan Wasa da Lokaci

Abin da yake riƙe mutum a wannan wasa shekara da shekaru shi ne mutanen da ke ciki. Runduna tana da shugaba da dokoki da lokacin haɗuwa, ana sanin wanda ya zo da wanda bai zo ba. A nan alherin wasan yake, a nan kuma haɗarinsa yake.

Ta fuskar alheri, ɗalibin da ya baro garinsu ya zo Samaru bai san kowa ba yakan samu abokan hira. Ana koyon biyayya ga tsari, da haƙuri da wanda ya yi kuskure, da raba ganima bisa adalci. Sabon Gari tun kafuwarta bayan isowar jirgin ƙasa a farkon ƙarni na 20 matattarar ƙabilu da addinai ce, Zariya kuma ta ɗanɗani ɗacin rikici a 1987 da 2011. Idan aka samu Musulmi da Kirista a runduna ɗaya suna kāre juna, wannan ba abin rainawa ba ne, kuma aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta buɗe ƙofar kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙi Musulmi ba.

Ta ɗaya fuskar, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Hadisin Abu Musa da ya kamanta abokin zama da mai turare ko mai zuga wutar maƙera bai keɓe zaman da ake ganin juna ba. Hira da murya a lokacin faɗa cike take da ashar da zagin iyaye, sunan aro kuma yana cire kunya. Hirar da ta faro a runduna tsakanin saurayi da budurwa takan koma ta sirri, wasa farin girki.

Mafi nauyi shi ne lokaci. Aya ta 91 ta Suratul Ma'ida, bayan ta ambaci giya da caca, ta faɗi illolinsu: gaba da ƙiyayya, da kangewa daga ambaton Allah da salla. Malamai sun ɗauki waɗannan a matsayin ma'auni ga kowane wasa. Mai dara a gindin bishiya idan ya ji kiran salla yana iya tashi ya bar ramukansa yadda suke. Mai jinyar runduna kuwa idan ya tashi, mutum tara ko ashirin ne za su faɗi saboda shi, su zarge shi, wataƙila su kore shi. Lokacin da abokai suka fi samun sukuni shi ne bayan an tashi daga aji ko aiki, wato daidai Magariba da Isha'i, waɗanda kuma suke da abokai a Amurka sukan raba dare har Asuba ta kuɓuce. Sai matashi ya samu kansa tsakanin jama'a biyu, ta masallaci da ta waya, kowace tana jiran sa, ya kuma ji cewa tashi saɓa alƙawari ne. Amsar fiƙihu a nan a sarari take: alƙawarin da cika shi zai kai ga fitar da salla daga lokacinta ba a ɗaukar sa tun farko, idan kuma an ɗauka haƙƙin Allah ne a gaba. Gyaran yana wurin ƙulla alƙawarin, wato a faɗa wa runduna lokutan salla kafin a shiga, kada kuma a fara abin da aka san ba zai ƙare ba kafin a tayar da iƙama.

Likitoci ma sun iso kusa da inda Shaɗibi ya tsaya. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya kamuwa da wasan gem cikin kundin cututtuka, ta siffanta shi da kasa sarrafa kai, da fifita wasa a kan sauran al'amuran rayuwa, da ci gaba da shi duk da cutarwar da ta bayyana, galibi na tsawon wata 12. Ba kowane ɗan wasa ta kira maras lafiya ba. A 2021 ƙasar Sin ta taƙaita wa yara 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Majalisar malaman Aceh ta Indonesiya kuwa ta haramta PUBG da makamantansa a 2019. Duk waɗannan matakai martani ne ga abin da dawwama take haifarwa.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, wasan aron hali a intanet yana kan asalin halasci matuƙar ya kuɓuta daga bautar wanin Allah ko izgili da addini, da tsiraici, da yaudarar mutum na gaske, da akwatin sa'a na kuɗi da gasar tara kuɗi. Yana komawa abin ƙi idan ya zama shi ne abin da ranar mutum take kewayawa a kansa, ya kuma zama haramun idan ya tozarta salla ko karatu ko haƙƙin iyaye da iyali. Wanda ya zaɓi tsananin Malik a kan shaɗaranji ya bar wasan gaba ɗaya ya kama abin da ya fi tsentseni, sai dai ba ya da damar ɗaukar wanda ya bi ɗaya ra'ayin da sharuɗɗansa a matsayin fasiƙi.

Ga malamin da aka kawo wa tambaya a Palladan ko Samaru, abin da ya fi amfani shi ne ya tambayi mai tambaya: wane wasa ne, me ake yi a cikinsa, nawa ya kashe a wannan wata, da su wa yake yi, kuma a ina ya yi sallar Isha'i da Asuba a makon da ya wuce. Amsoshin nan su ne za su nuna hukuncin da ya dace da shi. Ana kuma buƙatar ɗaliban ilimi da suka san waɗannan wasanni daga ciki su taimaka wa manyan malamai da bayanin surarsu, domin kamfanoni suna sauya su kusan kowane wata, fatawar bara tana iya rashin dacewa da wasan bana. Allah ne Mafi sani.